Ta fashe, ta fashe, amma kuɗin daga aljihun wa yake fitowa?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan baiwa, mutanen da ko sallama ka yi musu sai sun gama dangwala waya kafin su amsa. Yau da ku za mu yi.

Tun da na sanar cewa za mu taɓa batun kirifto saƙonni suke ta shigowa. Wasu na cewa in fito in gaya wa matasa gaskiya, harkar nan damfara ce daga farkonta har ƙarshenta. Wasu kuma na cewa in yi hattara kar in taɓa musu hanyar cin abinci, tun da gwamnati ba ta ba su aiki ba. Na karanta duka. Abin da na lura shi ne kowa yana cewa "kirifto" amma ba abu ɗaya ake nufi ba. Mai danna Hamster, da mai tiredin, da ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kaya a Sin da USDT, duk an zuba su a kwando ɗaya. To ni tambaya ɗaya zan riƙe yau, in bi su da ita ɗaya bayan ɗaya: wannan kuɗin da ake cewa za ka samu, daga aljihun wa yake fitowa? Batun halacci ko haramci kuwa na malamai ne, sun yi magana kuma sun saɓa, ba shi ya tara mu yau ba.

Mu fara da kalmar mainin ɗin kanta, don a nan aka fara rikita mu.

Bitcoin ta fara aiki a watan Janairun 2009. Wanda ya ƙirƙiro ta ya kira kansa Satoshi Nakamoto, kuma ya tsara ta ne yadda babu wani banki a tsakiya mai riƙe da littafin lissafi. Littafin yana hannun dubban kwamfutoci a faɗin duniya. Duk bayan kamar minti 10 ana ƙara sabon shafi a littafin, kuma injina ne suke gasar warware wani lissafi mai wuya domin a ba su damar rubuta shafin. Wanda ya riga, a biya shi da sabuwar Bitcoin. Da farko ladan 50 ne, amma duk bayan kusan shekara 4 ana raba shi biyu. Tun daga Afrilun 2024 ya koma 3.125. Kuma gaba ɗaya Bitcoin ɗin da za a taɓa samu miliyan 21 ce, ba ƙari. Wannan shi ne haƙar kirifto ta asali.

Injin da ake wannan aikin da shi, ƙwaya ɗaya tak, yana jan wuta sama da wat 3,000, kuma ba dare ba rana yake aiki. Ku lissafa da ni. Yunit 70 da 'yan kai ke nan a kullum. Idan kana layin da ake ce wa Band A, inda yunit ya haura naira 200, kuɗin wutar inji ɗaya ya doshi naira dubu 16 a rana. Wannan fa in an kawo wutar ke nan. In da janareta ne kuwa, sai dai mu ce Allah Ya ba da haƙuri. Shi ya sa masu wannan sana'a suke bin wuta mai araha duk inda take. Da ƙasar Sin ta hana su a 2021 sai suka kwashi injinansu suka nufi Amurka da Kazakistan, yanzu kuma ga su a Habasha saboda wutar babbar madatsar ruwan da aka gina a kan kogin Nilu.

To ɗan uwa, wayarka da cajinta ba ya kai la'asar, wane lissafi take warwarewa? Babu. Lambar da kake gani tana hawa a fuskar waya maki ne kawai kamfani yake rubuta maka a rumbunsa. Ba wai na ce maki ba zai iya zama kuɗi ba, ya taɓa zama, yanzu za mu zo wurin. Amma ka san cewa ba haƙa kake yi ba, rajista kake sa hannu kullum.

Abin da ya sa kowa ya yarda da harkar shi ne Notcoin. An fara ta a Telegram a farkon 2024, ranar 16 ga Mayu aka sa ta a kasuwa, kuma wallahi mutane sun samu. Wanda jiya ake yi wa dariya a majalisa ya wayi gari ya canza waya, wani ya biya kuɗin makaranta. Daga ranar kalmar "ta fashe" ta shiga bakin kowa, har iyayenmu mata. Wanda bai yi ba ya ji kamar an raba gado ba ya nan. Sai kowa ya rantse ta gaba ba za ta wuce shi ba.

Ta gaban ita ce Hamster Kombat. Kun tuna yadda aka yi. A masallaci, a layin POS, a cikin aji malami na koyarwa, kowa kai a sunkuye. Ana neman lambar sirrin ranar kamar ana neman maganin ciwo. Masu ita suka ce mutum miliyan 300 ne suka shiga. Da aka zo rabo ranar 26 ga Satumban 2024, suka ce miliyan 131 ne suka cancanta, kuma abin da aka ware wa zangon farko tokin biliyan 60 ne. Ɗauki kalkuleta ka raba. Kowa zai tashi da ƙasa da 500 ke nan in an yi raba-daidai. Farashin ƙwaya ɗaya ranar da ta shiga kasuwa bai wuce wajen santi 1 na dala ba, kuma nan take ya fara sauka. Wato dala 4 ko 5, ladan dangwalen wata da watanni. Wasu ma ko kuɗin datar da suka ƙona bai fito ba.

Mutane suka yi ta zagi, an cuce mu, an yaudare mu. Ni kuma abin da nake so mu kalla daban ne. A cikin waɗancan watannin, mene ne aikin da ake sa ka kullum? Ka kalli bidiyonsu a YouTube ka nemo wata kalma. Ka bi shafin kaza. Ka buɗe asusu a kasuwar musayar kirifto kaza ta hanyar adireshinsu. Ka gayyato abokai. Tasharsu ta YouTube ta tara mabiya sama da miliyan 30 cikin 'yan watanni, abin da manyan mawaƙan duniya suke shekaru ba su samu ba. Kowane kallo talla ce, kowace talla kuɗi ce. Kowane sabon asusu da aka buɗe ta hannunsu akwai la'ada. Kun ga amsar tambayarmu ke nan. Kuɗi ya shigo tun kafin a yi rabo, kuma idonka da lokacinka aka sayar aka same shi. Kai da kake ganin kai ne mai haƙa, kai ne hajar da aka kasa.

Notcoin ta biya da kyau ne saboda mutanen ba su kai haka yawa ba, kimanin miliyan 35 ne, kuma abin sabo ne, masu saye a kasuwa suna rububinsa. Tuwon da mutum 10 suka ci suka ƙoshi, in aka tara mutum 100 a kansa, sai dai kowa ya lashi yatsa.

Yanzu bari in taɓo inda na san za a yi min ca, wato Pi. 'Yan Pi, ku yi haƙuri ku saurare ni har ƙarshe. An fara ta ranar 14 ga Maris 2019, wasu masana da suka fito daga jami'ar Stanford ta Amurka ne suka kafa ta. Mutane sun yi kusan shekara 6 suna danna alamar walƙiyar nan duk bayan awa 24. Wannan haƙurin kaɗai abin a sara musu ne. Ranar 20 ga Fabrairun 2025 aka buɗe ta ga kasuwa, ta hau har ta kusa dala 3, daga baya ta gangaro ƙasa da dala 1. Wanda ya tara da yawa, ya tsallake tantancewar KYC, aka sakar masa nasa, ya sayar da wuri, ya samu wani abu. Wannan gaskiya ne, ba mai musu.

Inda nake da magana shi ne wannan farashi da ake ce wa GCV, wai Pi ɗaya dala 314,159. Lambar nan ba daga kasuwa ta fito ba, lambar lissafin da'ira ce da muka haddace a sakandare, 3.14159, wasu masoya suka matsar da ɗigon suka ce shi ne farashi. Mu gwada ta. Adadin Pi da aka tsara gaba ɗaya biliyan 100 ne. Mu bar wannan, mu ɗauki biliyan 1 kacal. Biliyan 1 sau 314,159 ya ba ka dala tiriliyan 314. Duk abin da duniya take samarwa a shekara, Amurka da Sin da Turai da mu baki ɗaya, bai wuce tiriliyan 100 da 'yan kai ba. To wa zai saya a wannan farashin, da wane kuɗin? Farashin abu shi ne abin da mai saye ya yarda ya zaro daga aljihunsa, ko a Kantin Kwari ko a intanet. Abin da ya fi damuna shi ne akwai waɗanda suka ba da kayansu na gaske, waya, atamfa, har abin hawa, suka karɓi Pi a kan wannan lissafi. Wanda ya karɓi kayan ya san abin da yake yi.

Sai tiredin. A nan akwai kasuwa ta gaske, ana saye ana sayarwa, kuma akwai masu ci da ita. Amma tambayarmu tana nan: in ka ci dala 100 yau, wani ne a wani wuri ya rasa ta, ko kuma wani ya yarda ya saya da tsada fiye da yadda ka saya. Kuma waɗanda kake karawa da su ba 'yan unguwarku ba ne, kamfanoni ne masu injina da ma'aikata da jarin da ba ka taɓa gani ba. Ita kanta Bitcoin, uwa mai ba da mama, ta kai kusan dala dubu 69 a Nuwamban 2021, bayan shekara ɗaya ta dawo wajen dubu 16, sannan a Disambar 2024 ta haura dubu 100. Wanda ya sa kuɗin da zai iya mantawa da shi ya ga riba. Wanda ya sa kuɗin haya ya sayar a ƙasa yana kuka, don mai gida ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo.

Wanda ya fi cinye yaranmu shi ne fiyuca, inda kasuwar take ara maka ƙarfi. Kana da dala 50, a ce ka juya ta kamar dala 1,000, wato ninki 20. Daɗin ji. Amma in farashi ya motsa kashi 5 cikin 100 kacal ta inda ba ka so, dala 50 ɗinka ta tafi gaba ɗaya. Kashi 5 kuwa a kirifto, kafin ka idar da sallar isha'i an yi shi an gama. Sai ka ga yaro ya hana idonsa barci, ƙarfe 3 na dare yana kallon jan layi da kore, gari ya waye ba ya iya ko gaisawa da mutane.

Su kuma masu gidajen sigina, masu cewa biya dubu kaza ka shiga rukunin manya a riƙa gaya maka abin da za ka saya, ku tambaye su abu ɗaya. In siginar tana ci kullum, me zai yi da dubu biyar ɗinka? Da yawansu abincinsu yana cikin kuɗin rajistarka ne, da la'adar da kasuwa take ba su duk lokacin da ka yi ciniki ta adireshinsu, ka ci ko ka faɗi. Hoton riba kuwa kowa na iya ɗorawa, ba mai ɗora na asara. Ban ce duka ba, akwai masu koyarwa tsakani da Allah, kuma alamarsu ita ce za su fara da koya maka yadda ake faɗuwa.

Akwai kuma waɗanda ba su da alaƙa da kirifto sai suna. CBEX ke nan. Suka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa ce take yi maka tiredin, ka zuba kuɗi cikin wata guda su ninka. A watan Afrilun 2025 aka wayi gari ba a iya cire ko sisi. A Ibadan mutane suka fasa ofishinsu suka kwashe kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, abin tausayi, wai a rage zafi. Hukumar SEC ta ce ba su da rajista da ita, EFCC ta shiga bincike. Kuma don ƙarin cin fuska, aka ce wa mutane su sake biyan dala 100 ko 200 wai a tantance su kafin a sakar musu kuɗinsu, wasu kuma suka biya. Yayyenmu sun ga irin wannan a MMM, da ta yi alƙawarin kashi 30 a wata ta kuma rufe a Disambar 2016. Riga kawai aka canza. Kuɗin da na farko ya ci na wanda ya zo bayansa ne, kuma galibi wanda ya zo bayan nan ƙaninka ne, ko matar yayanka da ta sayar da ɗan kunnenta saboda ta ga alat a wayarka. Wannan ne ya sa abin yake min ciwo. Kamfanin ya ɓace, amma kai kana nan a gidan, kullum sai kun haɗa ido. Zumunci nawa ne ya mutu a haka? Kuma ku sani, dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi ɗauri har na shekara 10 ga masu tallata irin wannan tsari. Mai yaɗa adireshin gayyata a rukunin WhatsApp na dangi, ka ji da kunnenka.

To duk da wannan, me ya sa ba zan ce a watsar da kirifto ba? Saboda akwai inda tambayar tawa take da amsa mai tsabta. Kamfanin Chainalysis mai bibiyar harkar ya sa Najeriya ta 2 a duniya wajen amfani da kirifto a 2023 da 2024, Indiya ce kawai a gabanmu. Ba dangwale ne ya kai mu nan ba, naira ce. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye miliyan 1 a banki yana kallo ta zama kamar dubu 300 a idon dala, bai taɓa ko kwabo ba. Sai mutane suka koma USDT, tokin da kamfanin Tether yake fitarwa a kan ƙwaya ɗaya dala ɗaya. Yarinyar da ta iya zanen kwamfuta ta yi wa wani aiki a Dubai, ya biya ta cikin minti 2. Ɗan kasuwar da zai biya mai kaya a Guwanzu ba sai ya yi wata yana jiran banki ba. Uba ya tura wa ɗansa kuɗin makaranta a Masar ko Indiya. A duk waɗannan kuɗin daga aiki ya fito ko daga ciniki, kirifto hanya ce kawai ya bi. Ni a ganina nan ne amfanin yake, kuma abin haushi nan ne muka fi sakaci. Da awa 3 ɗin da ake ba Hamster kullum an ba koyon wata sana'ar da za a biya ka da USDT ɗin, da yanzu wani zancen ake.

Ita ma gwamnati ta yi ta kai-komo. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar, a Oktoba ya fito da eNaira, wadda ku gaya min tsakani da Allah wa kuka sani yana cefane da ita. Hanin bai kashe kasuwar ba, sai ya tura kowa P2P, ni in tura maka naira kai ka sakar min tokin. A Disambar 2023 aka janye hanin. Bayan wata 2 rikici ya tashi da Binance, gwamnan Babban Banki ya ce dala biliyan 26 ta bi ta cikinta a shekara ɗaya, aka tsare jami'ansu, a Maris 2024 suka rufe duk hulɗar naira. A Agustan shekarar SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar 2025 ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin kulawarta. Wato yanzu akwai inda za ka duba ko kamfani yana da rajista kafin ka ba shi kuɗinka, a shafin hukumar, kyauta.

Amma ko USDT ɗin kar a ɗauka ba ta da ƙaya. Wanda ya saya a Fabrairun 2024 lokacin da dala ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu tana wajen 1,100, ya ji a jikinsa. Sannan alƙawarin kamfani ne cewa akwai dala a ajiye a bayan kowace ƙwaya. An taɓa yin wata mai suna UST da ita ma aka ce dala ɗaya ce, a Mayun 2022 ta ruguje cikin 'yan kwanaki.

Masu P2P kuma, don Allah, kar ka saki tokin saboda an turo maka hoton rasit ko saƙon alat. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Ka duba sunan wanda ya turo ya yi daidai da sunan wanda kuke ciniki da shi, don in kuɗin sata aka biya ka da shi, asusunka za a rufe, kai za ka yi ta zarya. In za ka tura, ka tabbata layin da ka zaɓa, TRC20 ne ko BEP20, shi ne na mai karɓa, ka fara gwadawa da kaɗan, domin a nan babu manajan da za ka je ka yi wa kuka. Kalmomi 12 ɗin nan na walat ɗinka kuwa, rubuta su a takarda ka ɓoye inda kake ɓoye takardar fili. Kar ka ɗauke su hoto, kar ka tura wa kowa. Duk wanda ya biyo ka ta akwatin saƙo ya ce shi ma'aikacin kamfani ne zai gyara maka matsala in ka ba shi su, ɓarawo ne, ko da da sallama da ayar Alƙur'ani ya fara.

Lokaci ya ci mu. Na san 'yan Pi suna nan sun wasa wuƙa, ina jiran ku a wurin sharhi, amma ku zo da kalkuleta. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu akwai baƙuwa, wata 'yar uwa da take aiki da kamfanonin waje daga ɗakinta, za ta faɗa mana yadda ta fara da yadda kuɗinta yake iso ta. Sai mun haɗu.